Geonkick: ina neman lambobin haɗa kik, sineya da hayhat daga tushe

Ɗan Koyo:

Assalamu alaikum masu gida. Ina haɗa kiɗa da manhajar FL Studio a laftof mai RAM 4 GB, wani lokacin kuma da LMMS. Gangunan da nake sawa duk samfur ne, wato sautin da aka riga aka ɗauka, irin wanda ake turawa hannu da hannu a filash, kuma abu biyu ke damuna. Na ɗaya, kik ɗin (babbar ganga mai zurfin murya) da ke bitina shi ne a bitin kowa, da an ji an san jaka ɗaya muka ɗebo. Na biyu, ba sa zama da bes. Kowanne shi kaɗai da daɗi, amma da an haɗa su sai ƙasan waƙar ya dagule.

An ce min akwai manhaja kyauta mai suna Geonkick da ke ƙera sautin ganga ba tare da samfur ba. Tana shiga FL Studio da LMMS? Ƙaramar kwamfuta za ta iya ɗaukarta? In na sayar da bitin da na yi da ita, akwai haƙƙin wani a kaina? Sannan don Allah wanda ya sani ya ba ni lambobin da zan fara da su na kik, sineya (ƙaramar ganga mai wayoyi a ƙarƙashi) da hayhat (faya-fayan ƙarfe da ake bugawa). Allah ya saka da alheri.

Injiniyan Sauti:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Maganar haƙƙi ba ta da tsawo. Iurie Nistor ne ya rubuta Geonkick, ya sake ta a ƙarƙashin lasisin GPL siga ta 3. Lasisin ya shafi manhajar ne ita kanta, sautin da ka ƙera da ita naka ne, ka sayar ko ka bayar.

Tana zuwa a matsayin fulogin, wato manhajar da ke aiki a cikin wata, iri biyu: LV2 da VST3. A Linux aka fara ta, daga siga ta 3 kuma aka samu ta Windows. FL Studio ba ya karanta LV2, don haka VST3 za ka sa. Ka tabbatar ta sauka a C:\Program Files\Common Files\VST3, sannan ka buɗe manajan fulogin na FL ka sa ya sake lalube. LMMS 1.2.2 kuwa ba ya buɗe VST3 ko LV2, sai dai ka ƙera sautin a wani wuri, ka fitar da shi WAV, ka jefa a AudioFileProcessor, mai kunna fayil ɗin sauti na LMMS. Batun nauyi kada ya dame ka. Lokacin da ka taɓa wani maɓalli ne take lissafa sautin, ta ajiye shi, in an buga sai ta kunna wanda ta ajiye. RAM 4 GB ya isa har da ragowa.

Kafin lambobi, ka riƙe abu ɗaya. Kik layi biyu ne kawai: yadda firikwensi (tsayin murya, wanda ake aunawa da Hz) ke faɗowa cikin lokaci, da yadda ƙarfi ke mutuwa cikin lokaci. Waɗannan layukan su ake kira enbelof, kuma a tsakiyar fuskar manhajar ake zana su. Danna sau biyu yana ƙara ɗigo, dannan dama yana cire shi, Ctrl+K yana buga sautin ka ji. Filta mai tace sauti da distoshon mai sa shi kaushi duk daga baya suke zuwa, wanda ya fara da su ɓata lokacinsa zai yi.

Ka fara saita tsawon sautin, ka sa 300 ms (ms kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa). Da gangan na ce ka fara da shi, domin ɗigogin enbelof a kan kason tsawon suke zaune. In ka gama zane a 300 ms sannan ka mayar da tsawon 600 ms, faɗowar da ka zana ta 40 ms za ta koma 80 ms, kik ɗin ya rikiɗe ya koma kamar tom. Mutane da yawa a nan suke rikicewa, su ɗauka manhajar ce ta ɓata musu aiki.

Ka kashe komai, ka bar osileta (mai haifar da igiyar sauti) ta farko a leya (hawan sauti) ta farko, ka zaɓi zubin sayin, igiya mai santsi. Maɓallin firikwensi ka sa shi 200 Hz. Shi ne rufi, enbelof ba ya haura shi. A enbelof ɗin firikwensi, ɗigon farko yana can sama a 200 Hz, na biyu a wajen 90 Hz bayan 15 ms, na uku a 55 Hz bayan 45 ms, daga nan layin ya miƙe har ƙarshe. Wannan faɗowar ta farko ita ce naushin da ake ji a ƙirji. In ta ɗauki fiye da 80 ms za ka ji "fiuu" irin na wasan yara a waya. In ta gaza 15 ms naushin ya tafi, sai "ƙwas" da gunji a bayansa.

A enbelof ɗin ƙarfi, ka bar shi a cike har 60 ms, ya sauko rabi a wajen 150 ms, ya taɓa sifili daidai a ƙarshe. Lallai ya taɓa sifili. In ɗigon ƙarshe ya tsaya ko da ɗan sama kaɗan ne, igiyar sautin za ta yanke a tsakiya, ka riƙa jin "tak" a jelar kowane bugu.

Yanzu matsalarka ta bes. Inda layin firikwensi ya miƙe, nan ne muryar kik ɗin, kuma dole ta yi daidai da makullin waƙar, wato notar da aka gina ta a kai. Waƙar A tana son 55 Hz, ta G 49 Hz, ta F 43.65 Hz, ta E 41.2 Hz. In waƙar a C take, 32.7 Hz ya yi ƙasa da yawa, 65.4 Hz kuma wani lokacin ba ya da nauyi, sai ka ɗauki nota ta biyar, wato G a 49 Hz. Ta D ka ba ta 55 Hz. Dalilin dagulewar shi ne, in kik yana 52 Hz bes yana 55 Hz, bambancin 3 Hz ɗin nan zai sa ƙarfinsu ya riƙa hawa da sauka sau uku a daƙiƙa. Ba ikwalaiza da za ta gyara wannan, sai an daidaita muryar.

Tsawo kuma daga gudun waƙar ake lissafa shi: 60000 a raba da BPM, wato yawan bugu a minti. A 100 BPM bugu ɗaya 600 ms ne, rabinsa 300 ms. In bes ɗinka yana shigowa a rabin bugu, kik ya mutu kafin 300 ms, an raba musu wuri ke nan. In kuwa irin dogon kik na TR-808 kake so, na'urar ganga da kamfanin Roland ya fitar a 1980, ka sa tsawon 900 ms zuwa 1200 ms, ka rage rufin zuwa 120 Hz, kuma ka sani shi ne bes ɗin waƙar, kada ka ɗora wani a kansa.

Na ƙarshe, kan sautin. Ka kunna farin noyis, sautin nan mai "shhh", enbelof ɗin ƙarfinsa ya mutu cikin 6 zuwa 10 ms, ka sa masa filtar HP, mai yanke ƙasa ta bar sama, a 3000 Hz, ka rage shi har sai in ka kashe shi ne kawai za ka gane da yana nan.

Anti Mai Situdiyo:

Malam Injiniya ya gama da kik, bari in ɗora da sauran. Ƙanena, kowanne ka buɗe masa layinsa a jerin kit, wato tarin gangunan, Geonkick tana ɗaukar har 16, kowanne da notarsa da mafitarsa.

Sineya jiki ce da waya. Tsawo 220 ms. Osileta ta farko sayin ko tirayangul, ta faro daga 260 Hz ta sauko 180 Hz cikin 20 ms, ƙarfinta ya mutu a 110 ms. Ta biyu ta tsaya a 330 Hz, ƙarfinta rabin na farko, ta mutu a 60 ms. Sai farin noyis da filtar HP a 1500 zuwa 2000 Hz, shi ya kai har ƙarshen 220 ms. Ka lura noyis ɗin ya fi jikin daɗewa, domin a sineya ta gaske fata ce ke fara yin shiru, wayoyin da ke ƙarƙashi su ci gaba da rawa. In ka juya abin, jiki ya fi noyis tsawo, tom za ka samu. In sineyar ta fito siririya, kada ka ƙara mata ƙarfi, ka sauko da filtar noyis zuwa 900 Hz.

Tafi noyis ne zalla, amma sirrinsa a enbelof yake. Filtar BP, mai yanke sama da ƙasa ta bar tsakiya, a 1100 Hz, tsawo 250 ms. Ka zana haƙora uku: cike a 0 ms ya faɗo kusan sifili a 9 ms, ya sake tashi a 10 ms ya faɗo, ya sake a 20 ms, sannan na huɗu a 30 ms ya tafi da jela har ƙarshe. Haƙoran nan su ne hannaye da yawa da ba su sauka lokaci guda ba. Ka ɗan karkata su, misali 0, 11, 19 da 31, ya fi kama da mutane. In tazarar ta wuce 20 ms kunne zai rarrabe su, ya ji kamar kuskuren bugu.

Hayhat hanya biyu ce. Mai sauƙi: farin noyis, HP a 7000 Hz, 50 ms ga rufaffe, 350 ms ga buɗaɗɗe. Yana aiki, amma iska ce kawai, babu ƙarfe a ciki. Hanyar da na fi so ita ce ta TR-808, inda ake cakuɗa igiyoyin sikwaya shida da muryoyinsu ba su jitu ba: 205, 304, 370, 523, 540 da 800 Hz. Geonkick tana da leya uku, ka sa osileta biyu a kowace leya, shida ke nan cif. Enbelof ɗin firikwensinsu duka a miƙe, ba hawa ba sauka. Da farko za ka ji wani mummunan ƙugi, kada ka firgita. Ka je babbar filta ta gaba ɗaya ka sa HP a 7000 zuwa 8000 Hz, sai muryoyin ƙasa su tafi, a bar tarkacen sama da ke karo da juna, shi ne amon ƙarfen. Ka zuba noyis kaɗan a kai. Biyu daga cikin shidan nan, 540 da 800 Hz, in ka ware su da filtar BP sun ba ka kawbel, wato ƙararrawar 808.

Shaka, abin girgizawa mai tsaba a ciki, kuma noyis ne da BP a wajen 6000 Hz, sai dai ƙarfinta ba ya farawa a cike. Ya hau cikin 25 ms, ya sauka cikin 70 ms.

In kana bugawa da kibod ko fad, ka bi tsarin lambobin nota na General MIDI don kada ka wahala gaba: kik 36, sineya 38, tafi 39, rufaffen hayhat 42, buɗaɗɗe 46. Ka kula FL Studio yana kiran nota ta 60 da C5, saboda haka 36 a wurinsa C3 ce. In ka zana nota ka ji shiru, kafin ka zargi fulogin ɗin ka duba wannan.

Ɗan Koyo:

Na gode ƙwarai Oga Injiniya, na gode Anti. Na bi lambobin, kik a 49 Hz ya zauna da bes a hedifon. Amma da na tura waya sai ya ɓace gaba ɗaya, saura ɗan "tak" na sama. A sifikar ɗaki kuma wani gefen ya cika gunji, wani gefen babu. Sannan da na ɗora tsohon samfur ɗina a kansa don ya ƙara nauyi, sai ma ya rage. Tambaya ta ƙarshe: za a iya ƙera kalangu da ita?

Injiniyan Sauti:

Duka ukun sanannu ne, kuma ba laifin manhajar ba ne.

Sifikar waya ba ta iya fitar da 49 Hz, ƙanƙantarta ba za ta tura iskar da ake buƙata ba. Igiyar sayin kuma murya ɗaya tal take da ita, in wayar ta kasa fitar da ita babu abin da ya rage. Maganin shi ne a haifa wa kik ɗin 'ya'ya a sama. Ka kunna distoshon na gaba ɗaya, ka ɗaga shi a hankali. Yana danne kan igiyar, sai a samu ninki uku, biyar da bakwai na asalin: 147, 245 da 343 Hz. Waɗannan sun fi 49 Hz sauƙin fita a waya, kunne kuma in ya ji su sai ya cike asalin da kansa. Ka tsaya da zarar jelar ta fara "zzz". Bayan distoshon ka sa filtar LP, mai yanke sama ta bar ƙasa, a wajen 5000 Hz a tashar miksa don share ƙaiƙayin sama. Wata dabarar: leya ta biyu da tirayangul, daga 400 Hz zuwa 150 Hz, ta mutu a 70 ms. Tunda yawancin masu sauraronka a waya ko ƙaramar sifikar bulutut za su ji waƙar, kada ka ce ka gama sai ka gwada a can.

Na ɗaki lissafi ne. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa. Ka raba 343 da ninki biyu na tsawon ɗakin: ɗaki mai mita 3.5 yana ba da 49 Hz daidai. A wannan muryar igiyar tana kai da komo tsakanin bango biyu, a jikin bango ta ninku, a tsakiyar ɗaki ta kashe kanta. Kada ka zauna a tsakiya cif, kada kuma ka jingina da bango. Soson da ake mannawa a bango ba ya taɓa 49 Hz, na sama kawai yake sha. Ƙarfin ƙasa ka auna shi da hedifon da mitar kallo.

Na ɗora samfur kuwa, igiyar 50 Hz tana zagaye ɗaya a 20 ms. In ɗayan ya makara da 10 ms, lokacin da wannan ke turawa wancan yana ja, sai su cinye juna. Ka juya folaritin ɗaya, wato turawarsa ta koma ja, ka saurara, ko ka matsa maɓallin fes na osileta, mai gusar da inda igiyar ke farawa. Amma shawarata ka daina tara ƙasa biyu. In kan tsohon samfur ɗin kake so, ka yanke masa duk abin da ke ƙasa da 150 Hz, ka bar wa Geonkick ƙasan.

Wajen fitarwa: WAV, 24 bit, mono, ƙololuwa a wajen -6 dB. Ka rubuta muryar a sunan fayil, kamar kik_G_49, ka ajiye fayil ɗin .gkit tare da aikin waƙar.

Jikan Makaɗa:

Malam Ɗan Koyo, kalangu zai yiwu, amma a san iyakarsa tun farko. Bugu ɗaya ɗaya za ka ƙera ya yi kyau. Abin da ba za ka samu ba shi ne hannun da ke matsa tsarkiya tsakanin bugu da bugu, domin Geonkick ta riga ta lissafa kowane sauti ta ajiye, lanƙwasar da ka zana ita za ta maimaita kullum. A bayan waƙa, yana raka sauran ganguna, ya wadatar. In kalangun ne zai yi magana a gaba, a kira makaɗi a ɗauke shi da makirfo, a biya shi haƙƙinsa.

Ga yadda za a bi. Kalangu yana kwaikwayon karin harshe ne, Hausa kuma tana da karin sama, na ƙasa da mai faɗowa. Don haka ka buɗe layi huɗu a kit: na ƙasa a miƙe, na sama a miƙe, mai faɗowa, da mai hawa wanda ake samu in an buga sannan aka matse. Ka fara da 160 Hz ga na ƙasa, 213 Hz ga na sama, tsawo 280 ms. Waɗannan na somawa ne. In kana da rikodin kalangun da kake son kwaikwaya, ka buɗe shi a manhajar gyaran sauti ta Audacity, ka zaɓi bugu ɗaya, ka duba zanen firikwensinsa, ka ɗauki lambar tudun da ya fi tsayi.

Inda ake kuskure shi ne a sa osileta ta biyu a ninki biyu na ta farko. Haka igiyar molo ko garaya take, fata ba haka take ba. Fatar da aka ɗaure a da'ira muryoyinta suna kan 1, 1.59, 2.14 da 2.30. In ta farko 160 Hz ce, ta biyu 254 Hz, ta uku 342 Hz. Ga na sama, 213 da 339 Hz. Ta biyu ƙarfinta kashi ɗaya cikin uku, ta mutu a 90 ms, ta uku ƙasa da haka, ta mutu a 50 ms. In ka sa ninki biyu cif, bes gita za ka ji.

A kowane bugu, ko na miƙe ne, ka sa muryar ta faro sama da kashi 6 cikin 100 ta sauko cikin 20 ms, saboda dukan makaɗi yana ƙara wa fata tauri na ɗan lokaci. Ga mai hawa, ta tsaya a 160 Hz har 40 ms, sannan ta haura 213 Hz a 180 ms. Duk osiletocin su bi zane iri ɗaya, maɓallin rufi kawai zai bambanta, in ba haka ba tazarar 1.59 ta rushe a tsakiyar hawan. Saukar makaɗi a kan fata: noyis, BP a 2500 Hz, 8 ms. Kada ka sa distoshon ko kaɗan.

Akwai zaɓin Tune da ke sa muryar ta bi notar da ka danna, yana auna daga nota ta 69, wadda FL ke nuna wa A5. Kada ka yi nisa da shi fiye da semiton (taki ɗaya a kibod) uku ko huɗu, domin kan bugun ma yana canjawa tare da muryar. Gara ka ƙera wani sabo. Sannan kowane bugu ka yi masa kwafi biyu masu ɗan bambanci, 2 ko 3 Hz da ɗan canjin noyis, ka riƙa musanya su, ƙarfin notoci kuma ya riƙa yawo tsakanin 85 da 115. Bugu iri ɗaya sak sau takwas a jere shi ke tona asirin na'ura.

Anti Mai Situdiyo:

Ƙari biyu, ƙanena. A LMMS ba sai ka fita waje don kik ba, akwai Kicker a cikinsa. Lambobin Malam Injiniya suna shiga kai tsaye: firikwensin farawa 200, na ƙarewa 49 ko 55, tsawo 300 ms, kuma yana da distoshon na farko da na ƙarshe daban, ka ɗaga na farkon ka bar na ƙarshen ƙasa don jelar ta fita da tsabta.

Na biyu, dole rufaffen hayhat ya yanke buɗaɗɗe, tunda abin kiɗa ɗaya ne a gaske, ba zai yi amo biyu lokaci guda ba. Ka fitar da su WAV, ka jefa a tashoshin samfula biyu na FL, a saitin kowace tasha ka sa lamba ɗaya, misali 1, a gurbin Cut da na Cut by. In a manhajar ganga ta Hydrogen kake jera bugun, ka sa su a rukunin yin shiru guda.